Zoɓon Jigawa A Kofin Shayin Turai: Ina Ribar Take Maƙalewa?

Da zarar damina ta ja jiki, an yanke gero an ɗaure dammuna, sanyin hunturu kuma ya fara saukowa, duk matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari zai ga gonaki sun yi fayau, ba abin da ya rage a tsaye sai wani tsiro mai jan kara da ya yi layi a kan iyakokin gonaki, ko kuma ya cika wani ɓangare na gonar shi kaɗai. Wannan tsiro shi ne yakuwa, wadda mutanen Sakkwato da na ƙetaren iyaka suke kira sure. Ganyenta ne ake miya da fate da shi, 'ya'yanta su ne gurguzu da ake daddawar batso, jan kwanson da ke rufe da 'ya'yan kuwa shi ne soɓorodo, wanda yanzu kowa ya fi sani da zoɓo.

Shekaru arba'in da suka wuce ba wani magidanci da zai tsaya a gaban jama'a ya ce shi manomin zoɓo ne. Abin mata ne da yara, ana yafa shi a gefen gona don kada a yi rigimar iyaka da maƙwabci, abin da aka samu kuma uwargida ta jiƙa ta sa wa citta da kanumfari ranar suna ko lokacin buɗa-baki. Yau kuwa ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari take ci, manyan motoci ne suke lodin buhunansa, na gida da wanda ya shigo daga ƙasar Damagaram da Maraɗi, a nufi Dawanau ta Kano da su, daga can a cusa a kwantena sai tashar jiragen ruwa ta Ikko. Jihar Jigawa ce kan gaba wajen nomansa a Nijeriya, Kano da Katsina da Bauchi da sauransu suna biye.

Abin da mai noman bai cika sani ba shi ne inda kayan nasa suke ƙarewa. Zoɓo ɗan duniya ne, kowace ƙasa da sunan da ta raɗa masa. A Sudan da Masar karkade ne, a Senegal bisaf, a Gana sobolo. Mutanen Meksiko suna ce masa hamaika, suna shansa da sanyi a kan abinci kamar yadda ake shan kunun zaƙi a nan. A Jamus da maƙwabtanta kuwa da zafi ake shansa, domin shi ne ƙashin bayan abin da suke kira shayin 'ya'yan itatuwa: duk kofin da aka ga ya yi ja wur, ko da an zana hoton tufa ko wani ɗan itacen Turai a jikin kwalin, galibi zoɓo ne ya ba shi launin da ɗan tsamin nan. A Amurka ma wani kamfani mai suna Celestial Seasonings, na garin Boulder a Jihar Kolorado, ya fitar da wani shayi da ya kira Red Zinger tun a shekarar 1972, zoɓo ne jigonsa, har yau kuma ana sayar da shi.

Irin wannan shayi ba shi da dangantaka da ganyen shayin da aka sani, wanda ake nomawa a Sin da Indiya da Kenya da tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Shayin tsirrai ne, wato duk wani ganye ko fure ko saiwa da za a busar a zuba wa tafasasshen ruwa a sha: na'a-na'a, citta, zogale, ciyawar nan mai ƙamshin lemo, da shi kansa zoɓon. Ba ya hana barci kamar gahawa, shi ya sa masu kula da lafiyarsu suka rungume shi. Masu bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji a shekarar 2010, inda suka ɗauki mutum 65 masu ɗan hawan jini, suka ba wasu kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, wasu kuma suka ba su wani abin sha mai kama da shi. Waɗanda suka sha zoɓon awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, na ɗaya rukunin kuwa bai kai maki 2 ba. Wannan ba dalili ba ne na mai hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, amma dai irin waɗannan labarai su ne suka ƙara wa kasuwar armashi.

MENE NE "OGANIK"?

A cikin wannan kasuwa akwai wani lungu da kaya suka fi daraja, wato na kayan da ake kira oganik. Ma'anar kalmar a taƙaice ita ce amfanin gonar da aka noma ba da takin zamani ba, ba a yi masa feshin maganin ƙwari ko na ciyawa na kanti ba, ba a kuma sa masa guba a rumbu ko a sito ba. Duk dattijon da aka karanta wa wannan bayani a Sule Tankarkar ko Gagarawa dariya zai yi, ya ce ai haka kakanninsa suka yi noma, kuma haka yake noman yakuwarsa har gobe, don wa zai ɓata buhun taki mai tsada a kan tsiron da ke fitowa ko a jigawar da gero ya ƙi? Gaskiyarsa. Yakuwa tana da juriyar fari, ba ta da yawan ci, ɗan takin dabbobi da toka sun ishe ta.

To, amma a nan gizo ke saƙa. A kasuwar duniya kalmar oganik ba yabo ba ce da mai kaya zai yi wa kayansa, kalma ce ta doka, kuma ba mai ikon rubuta ta a jikin buhu ko kwali sai wanda yake riƙe da takardar shaida. Ƙasashen Turai sun kafa dokarsu ta farko a kan wannan a shekarar 1991, suka sake ta da wata sabuwa da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022. Amurka ta yi tata dokar a 1990. A ƙarƙashin dokar Turai, gonar da ake shuka amfanin shekara-shekara irin yakuwa sai ta yi shekara biyu ana lura da ita ba a sa mata wani sinadarin da aka hana ba kafin a yi shukar da za a kira oganik. A dokar Amurka shekara uku ake ƙirgawa kafin girbi. Masu ba da shaidar kamfanoni ne masu zaman kansu da hukumomin can suka amince da su, kamar Ecocert na Faransa da Control Union na Holan, kuma ba kyauta suke yi ba. Mai gona ne ko mai fitar da kaya zai biya kuɗin jirgin mai duba gona da masaukinsa da ladan aikinsa, kowace shekara.

A fili yake cewa mai kadada ɗaya ko biyu ba zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai ba. Saboda haka dokar ta buɗe wata ƙofa, ta yarda ƙananan manoma su haɗu su zama ƙungiya guda mai rajista, a ba su takarda ɗaya. Sabuwar dokar Turai ta ce kada 'yan ƙungiya su wuce 2,000. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta naɗa nata malaman duba gona, kowane manomi a san sunansa da girman gonarsa da taswirarta, a rubuta abin da ya shuka da ranar da ya shuka da abin da ya zuba, a kuma ƙiyasta abin da zai girba tun kafin girbi, don kada wanda gonarsa ba ta wuce buhu biyar ba ya kawo ashirin, ya cika da na kasuwa. In baƙon mai dubawa ya zo, zai zaɓi wasu gonakin ya je ya gani da idonsa, ya ɗebi ƙasa da ganye a kai ɗakin gwaji. Ƙarya ɗaya in ta fito, tana iya jawo wa ƙungiyar duka asarar takardarta.

Wani abu kuma da dattijon nan bai sa a lissafi ba shi ne noman yau ba na jiya ba ne. Tankin feshi ya shiga kowane ƙauye. Matasa sun gwammace su sayi maganin ciyawa su fesa da su duƙa da fartanya, wake kuwa ba ya yi sai da feshi sau biyu ko uku, ga shi yakuwa tare ake shuka ta da wake da gyaɗa da riɗi da gero. Tsiron da yake kan iyaka shi ne farkon wanda iska za ta kai wa feshin maƙwabci. Don haka mai son takardar oganik dole ya fitar da yakuwarsa daga bakin iyaka, wurin da ta gada kaka da kakanni, ya mayar da ita tsakiya, ya bar wani zirin fili tsakaninsa da maƙwabta, abin da ya fito a zirin nan kuma ya sayar da shi daban a kasuwar gida. Ciyawa sai da hannu. Ƙwari sai da ruwan 'ya'yan darbejiya da toka da juya shuka daga shekara zuwa shekara.

DAGA KARA ZUWA BUHU

Ana shuka yakuwa in damina ta kankama, amma ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen watan Satumba da Oktoba, ko da kuwa an yi sammakon shuka ta. Furen ba ya wuce yini guda. In ya faɗi sai kwanson da ke ƙarƙashinsa ya yi ta kumbura yana ja, bayan kamar mako uku ya isa cira. Akwai ja, akwai mai duhu da ake kira baƙi, akwai kuma fari da ake sa wa a miya. Masu shayi mai duhun suke so, domin launi suke saye kafin ɗanɗano.

Aikin da ya fi kowane wahala shi ne raba kwanson da ƙwallon 'ya'yan da ke cikinsa, kuma har yanzu da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Mata da 'yan mata ne suke zama a inuwa su yini suna ɓara, ƙaiƙayin jikin ƙwallon yana cin yatsunsu, tsamin yana shiga duk inda fata ta tsage. In an gama a shanya. Kilo 100 na ɗanye in ya bushe ba ya wuce kilo 11. Wanda ya san wannan lissafi ba zai ƙara raina buhun zoɓo don ya ɗaga ya ji shi sakayau ba.

A wajen shanyar nan ne kuwa rabin darajar kayan take zubewa. Wanda ya bi ƙauyukan a watan Nuwamba da Disamba zai ga zoɓo a baje a ƙasa tsirara, ko a gefen kwalta inda motoci suke tayar da ƙura suna fesa hayaƙi, kaji suna tona, awaki suna ratsawa. Yashi ya shiga, gashin kaza ya shiga, kashin akuya ya shiga. Mai shan zoɓo a gida zai wanke ya tafasa ya tace, ba abin da ya dame shi. Amma shayin da ke cikin 'yar jakar takarda ba a wanke shi, ruwan zafi kawai ake zuba masa, saboda haka ɗakin gwajin Bature yana neman ƙwayoyin cuta irin na zawo da taifot, yana neman fumfuna, yana neman burbushin hayaƙi. Maganin wannan ba wani abu ne mai tsada ba: a kafa gado na itace kamar kamu huɗu daga ƙasa, a shimfiɗa raga ko asabari mai tsabta, a baje kayan ba da kauri ba, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Masu saye suna so damshin da ya rage a jiki kada ya wuce kashi 12 cikin 100, wato in an matsa shi a hannu a ji yana ƙaras-ƙaras. In bai kai haka ba zai yi fumfuna a cikin kwantena kafin jirgi ya kai gaci, in kuma an bar shi a rana ya wuce kima launin ya koɗe.

Sai kuma halin wasu 'yan kasuwa, wanda ba a jin daɗin faɗa amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Tun da aka koma saye da sikeli, an sami masu yayyafa wa busasshen zoɓo ruwa da dare don ya ƙara nauyi, da masu zuba yashi a tsakiyar buhu. Mai yin wannan algus yana ganin ya ci ribar kilo biyu, bai san sunan ƙasa guda yake sayarwa ba. Haka nan zancen buhu. Buhun da aka zazzage takin zamani ko wanda aka adana wake da maganin fiya-fiya a ciki, in aka zuba masa zoɓon da aka yi shekara uku ana tsare shi daga sinadari, to, aikin shekara ukun ya tashi a banza cikin dare ɗaya. Injunan gwajin zamani suna gano abin da bai kai ƙwayar gero ɗaya a cikin buhuna da yawa ba. Ba a manta ba, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, ba don komai ba sai don yawan wannan maganin na fiya-fiya da aka yi ta samu a cikinsa.

DARASIN MEKSIKO

Mafi yawan zoɓon da Nijeriya take fitarwa Meksiko yake tafiya. Hukumar kula da lafiyar amfanin gonar da ke shiga da fita ta ƙasa ta bayyana cewa a cikin wata tara na shekarar 2017 an tura kwantena 1,983 zuwa can, aka samu dala miliyan 35. Ba a gama murnar wannan adadi ba sai hukumomin Meksiko suka ce sun ga wani ɗan ƙwaron rumbu da ake kira kafra a cikin kayan, suka dakatar da saye. Wannan ƙwaro duk ƙasar da ba ta da shi tana tsoronsa kamar annoba, domin tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ko a ɗinkin buhu ta daɗe ƙwarai ba ci ba sha, in ta sami hatsi kuma ta yi masa kaca-kaca. Ba daga gona yake zuwa ba, daga tsofaffin sito da tsofaffin buhunan hatsi da gyaɗa yake hawa. Aka shafe shekaru ƙofar tana rufe, farashi ya faɗi, manoma da yawa suka koma wa riɗi. Da aka sasanta, sharaɗin da aka gindaya shi ne a riƙa turara kayan da wata iska mai guba, metil-buromaid, a cikin ɗakuna na musamman kafin su bar Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, turaren da ya buɗe ƙofar Meksiko shi ne yake rufe ta oganik. Duk kayan da wannan iska ta taɓa sun fita daga sahun oganik har abada, ko da a wace irin gona aka noma su. Ashe kenan hanya biyu ce, kuma tun daga bakin gona suke rabuwa. Mai neman kasuwar oganik ta Jamus ko Amurka dole ya sami sitonsa daban wanda ba a taɓa ajiye hatsi a ciki ba, da sababbin buhuna masu lamba, da motar da aka share aka wanke. In ƙwaro ya shiga, ba shi da izinin guba. Sai dai ya toshe kayan a inda iska ba ta shiga har ƙwaron ya shaƙe, kamar dabarar buhun nan mai leda biyu a ciki da masu wake suka sani, ko a busa musu iskar kabon a rufaffen ɗaki, ko a sa su a ɗakin ƙanƙara na wasu kwanaki.

Yanzu a dubi kuɗin. Babbar kwantena tana ɗaukar kimanin tan 12 na zoɓo, saboda rashin nauyinsa. In aka raba dala miliyan 35 ɗin nan a kan kwantena 1,983, za a ga kilo ɗaya bai wuce dala ɗaya da rabi ba, kuma wannan farashin bakin teku ne, a cikinsa mai fitarwa zai ci, dillali ya ci, mai mota ya ci, kafin a zo kan matar da ƙaiƙayi ya cinye wa yatsu. A ɗaya gefen kuwa, 'yar jakar shayi ɗaya giram biyu take ɗauka, wato kilo guda yana ba da jaka 500, ko kwali 25 masu jaka ashirin-ashirin. Ko da an ce dala biyu kacal ake sayar da kwali, kilon nan ya koma dala 50. Gaskiya ne akwai kuɗin takarda da inji da jirgi da haraji da ribar mai kanti a ciki, ba duka ne riba ba. Amma tazarar da ke tsakanin ɗaya da rabi da hamsin ta isa ta nuna inda maiƙon yake.

ABIN DA AKE YI A MASANA'ANTA

Me ake yi wa zoɓon a can da ya sa ya yi wannan tsalle? Ba wani sihiri. A manyan masana'antu irin na Martin Bauer da ke wani ƙauye a kudancin Jamus, wanda ya fara tun 1930 kuma yake sayar wa masu shayi da yawa kayan haɗi, ana fara da tankaɗe da sheƙe da iska don fitar da yashi da kara, a bi da maganaɗisu don tsince ƙarfe, a wuce da shi ta cikin tururin ruwa mai zafi na ɗan lokaci don kashe ƙwayoyin cuta, a sake busarwa. Daga nan a yanka shi daidai wa daida, manyan yanka don masu saye da awo, ƙanana kamar tsakin masara don jakar takarda. Sai haɗi, wanda shi ne sirrin kowane kamfani: kashi kaza na zoɓo, kaza na ɓawon lemo, kaza na citta ko kirfa. A ƙarshe inji ya auna, ya ɗinke, ya maƙala zare. Kowane buhu da lambarsa tun daga gona, yadda in an sami matsala a kanti a birnin Hambug za a iya bin sawu har a gano ƙungiyar manoman da kayan suka fito.

In ban da injin tururi da na ɗinke jaka, ba abin da ke cikin jerin nan da ya fi ƙarfin Kano ko Kaduna. A Dawanau da unguwannin masana'antu na Kano ma an riga an fara rabin aikin, ɗaruruwan mata suna zaune suna tsince zoɓo kafin a ɗaure, sai dai daga tsinta aikin yake tsayawa. Kayan haɗin kuwa a ƙofar gida suke. Cittar Kaciya da Jaba da Kagarko ta yi suna a duniya saboda yajinta, ko da yake cutar da ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna hatsarin dogara ga wuri guda. Zogale yana kowane gida. Na'a-na'a da ciyawa mai ƙamshin lemo suna yi a fadama da lambunan rani, ana yankar su sau da yawa a shekara, sai dai su ganye ne, a inuwa ake busar da su don kada ƙamshin ya gudu, kuma sai an kula ƙwarai kada wata muguwar ciyawa ta biyo yanka, don tun Yulin 2022 Turai ta sa iyaka mai tsanani a kan dafin da irin waɗannan ciyayi suke bari a shayi.

Wanda yake ganin wannan mafarki ne, ya dubi Masar. A shekarar 1977 wani masanin haɗa magunguna, Dakta Ibrahim Abul-Aish, ya baro ƙasar Ostiriya inda ya yi karatu ya kuma yi aiki shekaru da dama, ya sayi kadada 70 ta hamada tsantsa kusa da garin Bilbes, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Alƙahira. Ya haƙa rijiyoyi, ya dasa itatuwa don tare iska, ya kawo shanu don takinsu, ya ce ba zai sa sinadari ko ɗaya ba. Mutane suka ɗauka ya zautu. Ya sa wa gonar suna Sekem, kuma da tsirran magani da na shayi ya fara. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai tsaya ga sayar da ganye a buhu ba. Ya kafa masana'antar tsincewa da yankawa a cikin gonar, ya fitar da shayinsa a kwali da sunan Isis, ya fara da kantunan Masar kanta, sa'an nan ya ƙulla yarjejeniya da ɗaruruwan manoma a sassan ƙasar, ana koya musu, ana duba gonakinsu, ana saye a farashin da aka yi alkawari tun kafin shuka. A shekarar 2003 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. Ya rasu a 2017, ɗansa Hilmi ya ci gaba da riƙon kamfanin.

Fara sayarwa a gida da ya yi shi ne abin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa. Nijeriya ƙasar mashaya shayi ce, daga teburin mai shayi na bakin tasha har zuwa butar da samari suke kewayewa da dare, kuma a manyan kantunan Ikko da Abuja da Fatakwal ana ganin shayin tsirrai da aka shigo da shi daga waje, wani ma da zoɓo a cikinsa, mai yiwuwa wanda ya bi ta Maigatari ya je ya dawo da sabuwar riga. Ƙananan masu sana'a, yawancinsu mata, sun fara ɗaura zoɓo da zogale da citta a jakar shayi. Abin da kasuwar gida take nema shi ne rajistar hukumar NAFDAC da tsabta da kwali mai kyau, ba sai da takardar Turai ba. Wanda ya iya riƙe inganci iri ɗaya shekara uku a jere ga mai saye na Ikko, ya riga ya koyi mafi yawan abin da mai saye na Hambug zai tambaya.

Lokacin ma ya dace ta wata fuskar, ko da yake dalilin abin baƙin ciki ne. Karkaden Sudan, na yankin Kurdufan da ake tarawa a kasuwar Al-Ubayyid, shi ne masu shayin Jamus suka daɗe suna ɗauka a matsayin na ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya dagula noma da hanyoyin fatauci na wannan yanki, kuma masana'anta ba ta jira, dole ta nemi inda za ta cike gurbi. Ƙasar Kurdufan jigawa ce mai ƙarancin ruwan sama, kusan irin ta Gumel da Babura.

Ƙungiyar da ta fara rubuta gonakinta a daminar bana, bisa ƙa'idar Turai sai shuka ta uku ce za ta shiga kasuwa da sunan oganik, shekara biyun farko kuwa za ta yi wahalar ciyawa da hannu ta sayar a farashin kowa. Wannan giɓi shi ne yake karya gwiwar manoma, kuma a nan ne mai fitar da kaya ko gwamnatin jiha za su iya sa hannu, da ɗan ƙari a kan kilo da kuɗin mai duba gona. Dokar ta yarda a rage wa'adin in an tabbatar cewa filin ya yi shekara uku ba a sa masa sinadarin da aka hana ba, kamar saura ko gonar da aka bari ta huta, irin waɗanda ba a rasa ba a arewacin Jigawa. Sai dai mai dubawa ba ya karɓar rantsuwa, ko da ta mai unguwa ce. Takarda yake tambaya, da taswira, da sakamakon gwajin ƙasa.